Abin da Ke Ƙarƙashin Kwamfuta

"Ƙara ɗaga ta, Yaya, har yanzu keken yana fitowa."

Ta waiwayi Yayarta, ita kuma ta ɗauko kundin digirin ƙanwar na uku, ta cusa a ƙarƙashin kwamfutar. Keken guragun ya ɓace daga hoton, saura fuska kawai.

Digirin ma tuni ta goge shi daga takardar neman aiki. Wasu masu ɗaukar aiki sun ce ta fi ƙarfinsu, wasu kuma da sun hango keken sai su ce za su kira ta. Wannan aikin daga gida ake yi, ba ta so ya kuɓuce.

Manajan ya bayyana a allo, aka gaisa.

"Malama, me ya sa rabin yini kike nema? Ba dai son jiki ba?" Ya yi dariya.

Yaya ta ƙifta mata ido, alamar ta haɗiye.

Ba ta haɗiye ba. Ta zare kundin, kwamfutar ta sauko, keken ya fito fili.

"Ranka ya daɗe, wannan ne ya hana ni zaman yini guda." Sai ta ɗaga kundin saitin idonsa. "Wannan kuma shi zai sa in gama maka aikin yini a rabi. Akwai wata tambayar?"