Kwanukan Maƙwabta

Zuwera na tsakar gidansu a Yendi, tana wanke kwanukan da maƙwabta ke aiko abinci a ciki tun rasuwar mahaifinta, sai ga saurayinta Tajudeen.

"Bizata ta fito," ya ce. "A ɗaura auren mu tafi Jamus. Me ya rage miki a nan?"

Ba ta ɗago ba.

"Dubi kwanukan nan," ta ce, "ko ɗaya ba mu roƙa ba. Yayana Wahid da ya rasu a can Jamus fa, wa ya yi masa wanka?"

"Zuwera..."

"Wallahi ina son ka. Amma a nan, ko yunwa ce ba mu kaɗai muke jin ta ba. Sauka lafiya."

Sai da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace ta lura kwano ɗaya take ta wankewa.