Kwalbar Jinin Maigidana

"Dangwala nan, Hajiya," in ji babban likita, yana turo min takarda.

Yau ni ce Hajiya. Ran da na kawo maigidana yana haki, ƙafafunsa sun saki, likitan nan ko kai bai ɗago ba. Ya ce mura ce, ya je gida ya huta. Bayan kwana huɗu muka dawo, a kan benci ya cika.

Yanzu karatu yake min. Wai akwai 'yan ƙwayoyi masu tsayar da jini in mutum ya yanke, su cutar ta harzuƙa, suka taya ta kumbura zuciya da jijiyoyi. Izinina yake nema su yi bincike a ragowar jinin marigayi.

Da hannu biyu ya ɗauko kwalbar daga firji, kamar jinjiri.

"Zai ceci wasu," ya ce.

Na dafe takardar da tafin hannuna. "Faɗi sunansa in dangwala."

Ya juya kwalbar, ya sake juyawa. Lamba ce kawai.

Na gyara mayafina, na miƙe.

"Ba komai ba ne, likita. Je gida ka huta. In ka tuno, ka dawo."