Hannun Baba da Barewa

Babana mahauci ne a Abatuwa. Wata Lahadi da la'asar, ina ɗan shekara bakwai, ya kai ni gidan namun daji in ga barewa. Kafin mu fita sai da ya wanke hannunsa sau uku da sabulu. Muka biya ta kasuwar Farin Gada ya sayi karas.

Akwai wata ƙaramar barewa da ta saba da mutane, tana zuro baki ta cikin wayar shinge tana ci a hannun kowa. Na miƙa mata karas ta ci, har ta lashe mini yatsu. Baba ya durƙusa yana murmushi, shi ma ya miƙa nasa. Ta sunsuni hannunsa, ta zabura ta koma ƙarshen shinge.

Ni kuwa a gaban mutane, da ƙarfi, na ce, "Baba, ƙarnin jinin hannunka take ji."

Wasu suka yi dariya. Baba ya ba ni karas ɗin, ya cusa hannun a aljihu.

"Ƙyale ta, tana da gaskiya," in ji shi a hankali. "Wadda ba ta tsoron mutum ba ta daɗewa."

Da za mu tsallaka titi, bai kama hannuna kamar kullum ba. Gefen rigarsa ya ce in riƙe.

Ranar da ya rasu, ni na yi masa wanka. Na daɗe riƙe da hannun nan da ya ciyar da ni, na kai shi fuskata. Ban ji komai ba sai sabulu.