Gishiri a Gangar Naɗi

Ƙyallen da iska ke turawa a gaban jirgin ruwan ya ƙi naɗuwa. Dattijon ya ja igiya har tafinsa ya saluɓe, amma gangar da ke naɗe ƙyallen ko gezau, iska kuwa ta nufi duwatsun tsibiri da shi. Wani masunci ne ya janyo shi tasha kamar akuyar da ta tsinke.

"Kyaftin, gobe keke za ka hau!" in ji masuncin. Tashar ta kwashe da dariya.

Ya durƙusa yana kwance gangar, yana ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Matarsa na tsaye a bayansa; an kira ta a waya.

"Ashe kin san hanya," ya ce. "Shekara da shekaru ko leƙowa ba kya yi. Ranar da na nutse ma a rediyo za ki ji."



Murfin ya buɗe. Ƙwallayen ƙarfen ciki sun yi tsatsa, sun daskare cikin gishiri mai gauraye da ƙwayoyin shinkafa, irin wanda ake tsarkake ƙofar gida da shi a al'adar garin.

"Wane sakaran ne ya yi wannan?"

"Baban yara, kai ka ce nan ne ran jirgin," ta ce. "Duk ranar da za ka fita, nakan zo da sassafe in barbaɗa, don ka dawo. Ka gafarce ni."

Ta rusuna masa a gaban kowa. Tashar ta yi tsit.

Ya gwammace dariyar ɗazu.