Mang Poldo da Tsintsiyar Hoto

Tun da aka rufe masana'antar takalma ta bakin gada, Mang Poldo yake zaune a gida yana karɓar tallafin gwamnati, ba shi da aiki sai shafa zakaransa na faɗa. To bana aka ce an daina bayarwa a zaune. Duk mai son tallafi ya fito ya yashe kwatocin unguwa kafin damina. Aka raba musu riguna ruwan ɗorawa, da tsintsiya, da shebur.

Ni dai ba na son gulma, amma tagata titi take kallo. Ba a jima ba Poldo ya gano lagon abin. Mai duba aiki yakan zo da safe, ya ɗauke su hoto da waya, ya hau babur ya wuce. Yana shan kwana, Poldo zai jingine tsintsiya ya koma wurin zakara. Har laka yake shafa wa gwiwarsa don hoto ya yi kyau!

Matarsa Aling Saling kuwa ta rantse sai ta raba gidansu da tallafi. Ta yi ta ƙulle-ƙulle har ta buɗe ɗan kanti a ɗakin gaba, tana sayar da shinkafa da sukari da busasshen kifi.

"Poldo, kwatar bayan gidanmu fa ita ce rabonka," in ji ta. "Leda ta toshe ta."

"Ke dai auna shinkafarki. Aikin zamani hoto ne, mata. An ga hoto, an biya."

"Da kake ɗinka takalma, hotonsu kake ba mutane su sa a ƙafa?"

"Ai da ya yi haka, da ba a rufe masana'antar ba," in ji abokinsa Mang Turing. Shi da Poldo suka kwashe da dariya har da tafawa.

Ranar da guguwa ta zo, da rana tsaka aka tsuge da ruwa. Ruwan ya gangaro, ya tarar da kwatar Poldo a toshe, sai ya nemi hanya ta cikin gidansa. Kafin su ɗaga buhu ɗaya ya kai musu ƙugu. Shinkafa ta kumbura ta yaga buhuna, sukari ya narke, kifi ya bi titi. Zakaran nan da ke ɗaure da igiya a ƙafa, a nan ya mutu.

Saling ba ta yi kuka ba. Da ruwa ya janye, ta ɗauko shebur, sabo fil kamar ranar da aka ba shi, ta miƙa wa mijinta. "Ungo. Ni zan fara daga ayaba. Kanti kuma sai na sake kafa shi."

Yanzu tana soya ayaba a kan tebur a bakin titi. Shi kuwa jiya na hango shi cikin kwata har gwiwa, rana ta take.

"Aboki, mai hoto fa ya daɗe da tafiya!" Turing ya ƙwala masa.

"Na gan shi," in ji Poldo, bai ko ɗago kai ba.

Jama'a, in an ba ku aiki don a tallafe ku, ku yi shi da gaske. Mai duba aiki za ku iya ruɗa shi da hoto, amma abin da kuka ƙi gyarawa, ƙofar gidanku zai fara zuwa.