Ɗan Amshi a Ƙarƙashin Ƙafa

Ana gobe buki, ku ji mini, abokin makaɗin jitar da aka ɗauka, mai yi wa jitarsa amshi, ya ƙetare gada ya bi makaɗan Gaya. Uwar amarya ta ce in babu amshi kada mai jitar ya zo.

A kasuwa mai kanti ya nuna masa ƙatuwar na'urar sauti, fitilu kamar motar jandarma.

"Tana amshi?"

"Tana yi, maigida, in ka samu mai murɗa mata maɓallai."

"Wani abokin kuma? Miƙo waccan 'yar na'urar ta takawa, mai maimaita kiɗa."

A wurin buki a Garu ya kaɗa, ya taka, jita ta amsa kanta. Fili ya cika da rawa, uwar amarya har leƙa bayan rumfa take, tana neman makaɗi na biyun.

Ya ce, "Inna, wanga ba shi ƙetare gada. Ga shi nan na take shi."