Kiyashin Baba

"Ke da bokonki kuka kashe shi da yunwa, Fiddausi," in ji Gwaggo Suwaibatu ranar da aka binne Baba a garin Ketare.

Ban sunkuyar da kai ba. Ni na gano ciwon sugansa, da na ga kiyashi sun taru inda ya yi fitsari. Na hana shi zaƙi, na rage masa tuwo, na ƙara wake da zogale. Na sha zagi, ban fasa ba.

Bayan makoki na rame, ga yawan ƙishirwa. Na ce baƙin ciki ne.

Yau na ga layin kiyashi a makewayi.

"Inna, kiyashin Baba sun dawo."

Ta dube ni, ta ce:

"Ɗiyata, tun asuba ba wanda ya shiga sai ke."